Babi na Uku: Wace Sanda Zan Fara Saya?

Duk wanda sha'awar fatsa ta kama, tambayarsa ta farko ita ce: wace sanda zan saya? Na ji ta daga bakin wani malamin makaranta a Tanut, bayan ya ga ɗalibansa na dawowa daga tabki da ƴan kifaye a soke a tsinke. Na sake jin ta a saƙon murya daga wani ɗan Belbeji mai aikin gini a Turabulus. Kowace Juma'a da la'asar yakan ga mutanen garin jere a kan duwatsun bakin Bahar Rum, kowa da doguwar sanda, suna kama kifin da suke kira buri da guntun burodi.

Wanda ya san Damargu, yankin da Tanut da Belbeji suke, zai iya yin dariya. Ƙasar gero ce da raƙuma, rijiyoyinta sai an ɗaura wa sa ko jaki igiya kafin guga ya fito. Tanut na kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram a kan hanyar Agadas, teku mafi kusa kuwa ya haura kilomita 1,000. Sai dai ɗan Damargu ba mazauni ba ne. Ci-rani na kai shi Ikko, Kwatano, Lome, Aljeriya da Libiya. Karatu ko aiki na kai shi Yamai, bakin kogin Isa. A gida ma damina takan bar tabkuna a kwarurruka, wasu su kai tsakiyar rani, wasu a zuba musu irin kifi. Ga tabkin Gidimuni gabas da Damagaram, ga na Madarunfa kudu da Maraɗi.

Kamun kifi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Bikin Argungu ya faro tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma dubban masuntan da ke faɗawa kogin Matan Fada, koma da gora suke riƙewa. Taru, birgi da mamari su ne gadonmu. Fatsa an bar wa yara da mai neman na miya. Shi ya sa babu wanda ya gaji sanin sandar kanti daga kakansa, kuma sabon shiga yakan koma gida da abin da ya daɗe yana shan ƙura a shago.

Aikin da sanda take yi

Je bakin tabki a watan Satumba, ka tsaya bayan yaro ka yi kallo. Yana riƙe da karan dawa mai kauri, ya ɗaure zaren nailan a kansa, ƙugiya a ƙarshen zaren, tana a jikin ƙugiyar. Kamu biyu sama da ita ya ratsa zaren cikin guntuwar totuwa. Totuwar na kwance lamo a kan ruwa. Can sai ta yi ƴar rawa, ta tsaya, ta sake rawa, sai ta nutse. Yaron ya ɗaga karan, ƴar karfasa ta fito tana wutsil-wutsil.

Duk abin da babin nan zai faɗa yana hannun yaron nan. Karan ya kai masa ƙugiya inda hannunsa ba ya kaiwa, ba tare da ya tsoma ƙafa a ruwan da ke sa tsargiya ba. Ya ɗage zaren daga kan ruwa, don haka da totuwa ta nutse, fizga ɗaya ta isa. Da kifin ya yi tsalle kuma, karan ya ɗan lanƙwashe ya shanye girgizar, zaren bai tsinke ba. Sandar da ta fi kowace tsada a shagunan Faransa ko Japan waɗannan ayyuka take yi, sai dai ta fi sauƙi a hannu, ta fi kai nesa.

Ita kuma totuwar kanti, da roba ake yin ta ko wani itace maras nauyi, a shafa wa kanta ja don ido ya gani. Mu dai a littafin nan totuwa za mu ci gaba da kiran ta.

Fara duba inda za ka tsaya

Kafin ka shiga shago, amsa wa kanka wannan: a ina ƙafata za ta tsaya, kuma ina ruwan yake daga nan?

A bakin tabki kai da ruwa kuna daidai. Abin da ke tsakaninku laka ce da ciyawa, sai ka wuce su kafin ka iske zurfi. A madatsun ruwa irin su Tiga a Kano da Jibiya a Katsina, wani gefen duwatsu ne jibge, suna gangarawa har ƙarƙashin ruwa. Kifi na son ramukansu, amma bakinsu na yanka zare. A teku kuma akwai gadar da ta kutsa cikin ruwa, wadda jirage ke raɓawa, da duwatsun da aka jera don karya igiyar ruwa, irin na mashigin tashar jiragen Ikko wajen Tarkwa Bay. A nan kana sama, ruwa na ƙasa.

Ga ɗan lissafi. Sanda maras kwarkwaro, wato injin naɗe zare, zarenta bai kamata ya wuce tsawonta ba, don in ka ɗaga ta kifi ya lilo zuwa hannunka. To ka ce sandarka mita 4 ce, gadar da kake kai kuma ta fi ruwa tudu da mita 3. Saura mita 1 kacal ya shiga ruwa. In kifin yana zurfin mita 2, ka yi ta zama har magariba. Wannan sandar ce kuma a bakin tabki za ta cika maka kwano. Wuri ne ke zaɓen sanda, kai dai biyan kuɗi ne naka.

Tsawo: darasin da na saya da kuɗina

Sandata ta farko mita 7 ce. A wata kasuwa a Kano na saye ta, mai shagon ya zare ta gaba ɗaya har ta tsallaka rumfar maƙwabcinsa, ya ce da wannan babu kifin da zai ɓuya mini. Na ɗauko ta zuwa Madarunfa ina ji da kaina.

Ban cika rabin awa ba wuyan hannuna ya soma zogi. Iska na kaɗa kan sandar, zaren na jan totuwa hagu da dama, ban san rawar kifi da rawar iska ba. Wani dattijon masunci da ke gyaran taru a gefe ya daɗe yana kallo na, sannan ya ce, "Ɗana, kifi ka zo kamawa, ko ƴaƴan gawo ka zo kakkaɓe wa awaki?"

Na ce, "Baba, ai mai tsawo ta fi kai nesa."

Ya ce, "Ta fi kai nesa. Wa zai dawo da ita?"

Kamar ya sani. Da tarwaɗa ta kama, na miƙe sandar tsaye sak ina son in cicciɓo ta. Sai ji na yi ƙas! Kan ya karye, tarwaɗa ta tafi da ƙugiya da totuwa da guntun sanda. Dattijon bai yi dariya ba. Ya miƙo mini wata gora da ba ta fi mita 3 ba, da ita na kama karfasa huɗu kafin rana ta faɗi.

Dalilin a fili yake. Rungumi tulu a ƙirji, sannan ka gwada riƙe shi da miƙaƙƙen hannu. Nauyin bai ƙaru ba, nisan ne ya ƙaru. Wanda ya yi noma da hauyar tsaye ya san cewa ƙota mai tsawo na hutar da baya, amma in ta zarce ƙima kafaɗa ce ke biya. Masu sandunan mita 6 da 7 a bakin Bahar Rum ba su yi kuskure ba. Irin sandar da suke riƙewa daga Italiya ta samo asali, an yi ta da kaya marasa nauyi masu tsada, hannunsu kuma ya shekara yana sabawa.

Gajeriya ma da nata aibin. Sandar mita 2 ba ta tsallake ciyawar bakin tabki, a kan dutse kuma ba ta nisanta zare daga kaifinsa. Ga sabon shiga, tsakanin mita 3.6 da mita 4.2 ne wurin zama. Yaro ko mai ƙaramin jiki, mita 3 ta ishe shi.

Gora, faiba ko kabon

Gora ita ce uwa. Busasshiya, miƙaƙƙiya, mai siririn kai, tana aiki a tabki yadda ya kamata, kuɗinta kuma bai kai na kwanon gero ba. Inda babu gora, tukurwa ko reshe mai santsi na maye gurbi. Matsalarta ɗaya: ba ta naɗuwa. Gwada shiga motar Tanut zuwa Damagaram ranar kasuwa da gora mai mita 4, ka ji abin da kwandasta zai ce.

Sandar faiba, wadda ake yi da zaren gilashi da danƙo, ta bayyana a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarshen shekarun 1940. Tana da ɗan nauyi, tana da laushi, tana da jimiri. Ta faɗi a kan dutse ta tashi, a danne ta da buhu a bayan mota ta yafe.

Sandar kabon ta shigo a shekarun 1970. Ba ta da nauyi, tana da tsauri, motsin kifi kaɗan sai ka ji shi a tafin hannu. Amma ba ta da yafiya: ƙwarzanen da ido bai gani ba yau, shi ne karayar gobe. Ta fi tsada kuma. Akwai wani abu da ya kamata ɗan Damargu ya riƙe da kyau: kabon na ɗaukar wutar lantarki. Lokacin da tabkunanmu ke cike shi ne lokacin hadari, a fili fetal kuma mutumin da ya ɗaga sandar mita 4 ya fi komai tsawo. Da ka ji cida, kwantar da sanda a ƙasa ka bar wurin. Kada ka zare ta ƙarƙashin wayar kuran, don babbar wuta na iya tsallakowa ko ba a taɓa wayar ba. Jiƙaƙƙiyar faiba ko gora ma ba abin ɗagawa ba ce a cikin hadari.

Hannun da ke koyo sai ya yi kuskure. Saya masa faiba, ko wadda aka gauraya faiba da kabon.

Ta fuskar ƙira, akwai mai gaɓa biyu ko uku da ake sokawa cikin juna, akwai kuma mai shigewa kamar eriyar rediyo. Mai gaɓa ta fi lanƙwasa daidai, ta fi ƙarko. Mai shigewa takan koma ƙasa da mita 1 ko kusa da haka, ta shiga jaka, ta hau kabu-kabu. Ga mutumin da ruwa ke nesa da gidansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da kwarkwaro ko babu?

Kwarkwaro shi ne ɗan injin naɗe zare da ake ɗaurawa a gindin sanda. Masu shago a Yamai da Kwatano muline suke ce masa. Sandar da aka yi don shi tana da mazauninsa, da zobba jere har kai, waɗanda zare ke bi.

In tabki kaɗai za ka riƙa zuwa neman karfasa da ƙananan tarwaɗa, ba dole ba ne. Sanda tsura ta fi saurin koyuwa, babu abin da zai harɗe. Amma in akwai gada ko dutse a lissafinka, ko ruwan da ragon ruwa da manyan tarwaɗa ke ciki, kwarkwaro ya zama tilas. Shi ke ba ka zaren da zai sauka daga tudu ya kai zurfi. In babban kifi ya ja, shi ke sakar masa zare a hankali har ya gaji, kamar yadda makiyayi ke sassauta wa ɗan maraƙi igiya maimakon su yi ta ja-in-ja. Matsakaici ya wadatar, wanda aka rubuta wa 2500, 3000 ko 4000, da zaren nailan mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.30.

Wanda kuɗinsa na sanda ɗaya ne, ya sayi mai zobba. Tana aiki a tabki, tana aiki a teku. Maras zobba iyakarta tabki da bakin kogi.

Karanta rubutun da ke jikinta

Sama kaɗan da mariƙi akwai ƴan lambobi. Yawancin masu saye ba sa duba su, alhali su ne takardar shaidar sanda.

Na farko tsawo ne. In ka ga 360 ko 400, santimita ake nufi, wato mita 3.6 ko mita 4. Wasu da ƙafa suke rubutawa: ƙafa 12 ta ɗan haura mita 3.6, ƙafa 13 kusan mita 4 ce.

Na biyu nauyin da sandar za ta iya jefawa ne, da giram, misali 5-25 ko 10-40. Ba nauyin kifi ba ne, nauyin totuwa da dalma da abincin ƙugiya ne a haɗe. Ƙwayar sukarin shayi kusan giram 5 ce, don haka 5-25 na nufin daga ƙwaya ɗaya zuwa biyar. Wannan ita ce ta fatsar totuwa a tabki da ruwa mai kwanciya. Inda igiyar ruwa ke da ƙarfi, 10-40 ta fi. In ka ga 100-200, ajiye ta. Ta masu jifa da ƙatuwar dalma daga rairayin bakin teku ce. Jefa ƴar totuwa da ita kamar harbin tsuntsu da taɓarya ne.

Gwaji a gaban mai shago

Kada kunya ta hana ka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Zare ta duka, ka fara daga siririn kai, gaɓa bayan gaɓa, kana ɗan murɗawa har ta kama. Ɗora ido a gindinta ka hango kai, kamar mai duba miƙewar azara. Zobban su kasance a layi ɗaya. Shafa cikin kowane zobe da ɗan auduga. In ya kama audugar, akwai tsaga, kuma zobe mai tsaga reza ne ga zare. Girgiza ta a hankali ka kasa kunne: ƙwas-ƙwas na nufin wata gaɓa ta yi sako-sako.

Sannan ka ce wa mai shagon ya riƙe kan, kai kuma ka ɗaga sannu. Wadda kake nema, kashi ɗaya cikin uku na sama ne zai fara lanƙwasa, tsakiya ta biyo baya kaɗan, gindi ya tsaya da ƙarfinsa. Wadda ta lanƙwashe tun daga mariƙi ba za ta iya janye kifi daga ramin dutse ba. Wadda ta ƙi lanƙwasa sam za ta yaga bakin kifi ko ta tsinka zare.

Gwaji na ƙarshe ya fi duka: ɗaura mata kwarkwaro, riƙe ta da hannu ɗaya a miƙe, ka ci gaba da ciniki na minti biyar. In hannunka ya soma rawa kafin ku daidaita, tuna cewa a bakin ruwa awa uku za ka yi. Tambaya kuma ko ana samun kan canji, domin shi ke fara karyewa. Araha ba ta ado, amma mafi tsada ma ba taka ba ce tukuna. Raba kuɗinka: sanda, kwarkwaro, sannan ka rage na zare, ƙugiyoyi da ƴar koma mai dogon mariƙi. Da koma ake kwaso babban kifi, ba a cicciɓo shi da kan sanda. Ni na riga na biya kuɗin wannan karatun.

Rairayi, rana da gishiri

A Damargu abokin gabar sanda mai shigewa shi ne rairayi. Ƙwaya ɗaya ta shiga tsakanin gaɓoɓi, kowace buɗewa sai ta ƙwarzane, wata rana kuma ta cije. Kada ka kwantar da ita a ƙasa, kafa mata reshe mai baki biyu. Goge kowace gaɓa da tsumma kafin ka rufe, ka fara rufewa daga gindi, siririn kai a ƙarshe. A gindin akwai murfi mai murɗawa. Lokaci-lokaci ka buɗe, ka fitar da gaɓoɓin, ka wanke, su bushe a inuwa. Lokacin hunturu da ƙurarsa, ta zauna cikin jakarta. Kada a bar ta kan rufin kwano ko cikin rufaffiyar mota a watan Afrilu, zafi na lalata danƙo da zare. Wanda ke bakin teku, ya ɗauraye zobba da kwarkwaro da ruwan daɗi duk ranar da ya dawo, in ba haka ba gishiri ya cinye su.

Abin da ba a saya a shago

Iya ruwa fid da kai. Yawancinmu da muka tashi a arewa ba mu iya iyo ba, gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Dutsen da ya yi kore ko baƙi-baƙi santsi gare shi kamar kuɓewa, silifas kuwa ba takalmin hawansa ba ne. Bahar Rum cikarsa da janyewarsa kaɗan ne. A Ikko, Kwatano da Lome ruwa na hawa yana sauka sau biyu a rana, igiyarsa kuma da ƙarfi. Dutsen da ka taka a bushe da hantsi yana iya nutsewa da azahar. Kada ka juya wa teku baya, kada ka je kai kaɗai. In totuwa ta maƙale a ƙasa, bar ta.

Ruwa kuma da masu shi. A Nijar akwai dokar kamun kifi, ma'aikatan ruwa da daji ke ba da izini. Tabkin da aka zuba wa iri yakan kasance da lokacin buɗewa da na rufewa. Gaida sarkin ruwa ko mai gari kafin ka jefa ƙugiya. A tashoshin jirage da madatsun ruwa akwai wuraren da aka hana tsayawa, baƙo kuma shi ya fi kowa bukatar tambaya.

To, wace ce?

Ga amsar da na ba malamin Tanut da maginin Turabulus. Sandar faiba ko gauraye, mai shigewa, mai zobba, tsawon mita 3.6 zuwa 4.2, mai ɗaukar giram 5-25 ko 10-40, da matsakaicin kwarkwaro. In kuɗi bai kai ba, kuma tabki ne a gabanka, nemi gora ka fara yau. Ka yi damina ɗaya ko biyu da ita, hannunka da kansa zai gaya maka abin da kake so a ta biyu.

Sanda dai ta kai ƙugiya ruwa, amma ba ita ke ba ka labarin abin da ke faruwa a ƙasa ba. Wannan aikin totuwa ne. A babi na gaba za mu ga yadda ake zaɓen ta, yadda ake auna mata dalma har kanta kaɗai ya rage a sama, da yadda ake bambance rawar karfasa da jan tarwaɗa.